Madugu Uban Tafiya: Henry Hampton da Aikin Shugaban Shirin Tarihi a Talabijin



Duk wanda ya zauna gaban akwatin talabijin ya kalli fim ɗin tarihi, watau irin wanda ba wasan kwaikwayo ba ne, abin da ya auku ne ake nunawa, to hotuna yake gani, muryar mai ba da labari kuma yake ji. Amma akwai wani mutum wanda ba a ganin fuskarsa, sunansa ma sai a can ƙarshe yake fitowa, alhali kuwa ba domin shi ba da babu shirin. Wannan shi ne shugaban shiri. Matsayinsa kamar na madugu ne a ayarin fatake. Ba shi ke ɗaurin kaya ba, ba shi ke korar jakuna ba, amma shi ke zaɓen hanya, shi ya san zango, shi ke biyan kuɗin fito, in kuma ayari ya ɓace shi za a tuhuma. Domin a gane nauyin wannan aiki, za a dubi rayuwar mutum guda, Henry Hampton, baƙar fata ɗan ƙasar Amurka.

An haife shi a birnin St. Louis cikin 1940. Mahaifinsa likitan fiɗa ne. Yana ɗan saurayi ciwon shan-inna ya kama shi, ya bar shi da ɗingishi har ƙarshen ransa. Bayan ya gama jami'a a 1961, ya kama aikin watsa labarai na wata ƙungiyar addini a birnin Boston. Wannan aiki ne ya kai shi garin Selma na Jihar Alabama cikin watan Maris na 1965, lokacin da baƙar fata suke jerin gwano don neman 'yancin jefa ƙuri'a, kwanaki kaɗan bayan 'yan sanda sun far musu da kulake a kan gadar Edmund Pettus. Abin da ya gani a can bai bar zuciyarsa ba. A 1968 ya kafa kamfaninsa na shirya fim mai suna Blackside, ya shekara da shekaru yana yi wa hukumomi ƙananan finafinai na wayar da kai, yana jiran ranar da zai ba da wancan labari.

Aiki na farko da ke kan shugaban shiri shi ne neman kuɗi, kuma a nan ne Hampton ya fara shan wuya. A ƙarshen shekarun 1970 wani kamfanin talabijin na kasuwanci, Capital Cities, ya ba shi kuɗi ya fara ɗaukar hirarraki, amma daga baya suka saɓa, shirin ya rushe. Sai ya koma ga gidan talabijin na jama'a, PBS, da gidauniyoyi irin su ta Ford, yana tara kuɗin da kaɗan-kaɗan. Tsakanin jerin gwanon Selma da fitowar shirin, shekara 22 cif.

Aiki na biyu shi ne kafa doka, kuma a nan ne hikimarsa ta bayyana. Ya ce ba za a sa wani shehun malami ya fito yana bayani a cikin fim ba, sai wanda abin ya auku a kan idonsa. Ganau ake nema, ba jiyau ba. Malaman tarihi suna nan, amma a bayan fage: kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, sai da aka tara ma'aikata aka buɗe musu makaranta ta musamman, masana da waɗanda suka yi gwagwarmayar suna karantar da su. Har ila yau, ya kan haɗa mutum biyu a kan kashi ɗaya na shirin, baƙi da fari, sau da yawa kuma mace da namiji, domin gardamar da za su yi a ɗakin tace fim ta hana son rai shiga. Daɗin daɗawa, bai hana abokan gaba magana ba. An yi hira da George Wallace, gwamnan Alabama, da Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar da Selma take, aka bar su suka faɗi nasu da bakinsu. Dalili kuwa shi ne, labarin da aka ji daga ɓangare ɗaya kirari ne, kuma alƙali ba ya yanke hukunci da kirari.

Shirin, mai suna Eyes on the Prize, ya fito a 1987 cikin kashi 6, Julian Bond ne mai ba da labari. Ya ɗauko daga 1954, shekarar da Kotun Ƙoli ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati, ya bi ta kan kisan yaron nan Emmett Till a 1955 da ƙaurace wa motocin safa a Montgomery, ya dire a 1965 da aka sa hannu kan dokar jefa ƙuri'a. Kashi 8 suka biyo baya a 1990, suka kai labarin tsakiyar shekarun 1980. Babban abin da shirin ya gyara shi ne zaton da ake yi cewa Martin Luther King shi kaɗai ya yi aikin. Sai ga masu ɗinki da 'yan makaranta da manoma suna faɗin yadda suka sa rayukansu a hatsari. Makarantu a duk faɗin Amurka suka mai da shi abin koyarwa.

Aiki na uku shi ne wanda aka fi rainawa, watau takardun izini. Kowane tsohon hoto da kowace waƙa da aka sa cikin fim suna da mai su, sai an biya. Saboda ƙarancin kuɗi, izinin 'yan shekaru kawai Blackside ya iya saye. Da wa'adin ya fara cika cikin shekarun 1990, sai shirin ya ɓace daga talabijin da kasuwa. Har waƙar murnar ranar haihuwa da aka rera wa King a wani ɗan guntun hoto ta shiga cikin abubuwan da sai an biya. Hampton ya rasu a 1998, yana da shekara 58, shirin yana kulle. Sai da Gidauniyar Ford ta ba da dala 600,000, wasu kuma suka ƙara, kana aka sake nuna kashi shidan farko a 2006. Samarin da suka tashi cikin waɗannan shekaru da yawansu ba su gan shi ba.

To, a nan akwai abin lura ga ɗalibi da ma'aikaci. Ɗalibin da ke sha'awar wannan sana'a ya sani riƙon kyamara kaɗan ne daga cikinta. Sai ya haɗa da karatun tarihi, da lissafin kuɗi, da sanin doka, da haƙurin zama da mutane. Ma'aikacin da ke riƙe da baitulmali ko ma'ajiyar takardu kuwa, ya sani sa hannunsa yana iya raya shaida ko ya binne ta. Cikakkun hirarrakin da Hampton ya ɗauka suna ajiye a Jami'ar Washington da ke St. Louis, inda ya yi karatu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi maganar sun riga mu gidan gaskiya. Da ya jira sai kuɗi sun cika hannu kafin ya fara, da ya tarar babu wanda zai tambaya.