NA'URAR HOTON JIKI DUKA DA MATSALAR TSADARTA



Hausawa sun ce gani ya kori ji. Likita yakan tambayi majiyyaci inda ke masa ciwo, ya saurari ƙirjinsa, amma akwai cututtukan da ba sa bayyana sai sun ci ƙarfin mutum, musamman ciwon daji. Maganata a yau a kan wata na'ura ce da ake kira PET, wadda ke nuna wa likita inda cuta take aiki a cikin jiki, da kuma ƙoƙarin da masana ke yi na ƙera irinta mai ɗaukar jiki duka a kan kuɗin da asibitin talakawa zai iya biya.

Da farko bari mu ga yadda take aiki. Tun cikin shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin daji sun fi lafiyayyun ƙwayoyin jiki cin sukari. Saboda haka sai a haɗa wani irin sukari da sinadarin fulorin-18, a yi wa majiyyaci allurarsa. Duk inda daji yake, can sukarin zai fi taruwa. Shi wannan sinadari yana sakin wani ƙanƙanin abu mai suna fositiron, wanda da zarar ya gamu da ilaktiron sai su ɓace tare, haske biyu da ido ba ya gani su fita, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Na'urar zobe ce da ta kewaye mutum, cike da ƙananan duwatsu masu walƙiya in hasken ya buge su. In duwatsu biyu masu fuskantar juna suka yi walƙiya lokaci guda, kwamfuta ta san hasken daga tsakaninsu ya fito. Da miliyoyin irin wannan ake harhaɗa hoto. Su Michel Ter-Pogossian da Michael Phelps da Edward Hoffman ne suka ƙera irin wannan na'ura a Jami'ar Washington da ke St. Louis ta Amurka a tsakiyar shekarun 1970.

To, ina matsalar take? Faɗin zoben da aka saba da shi bai wuce santimita 15 zuwa 30 ba, watau kamar taƙi ɗaya ko biyu. Dole a riƙa tura gadon majiyyaci kaɗan-kaɗan, a ɗauki kai, sa'an nan ƙirji, sa'an nan ciki. Hasken da zoben ke kamawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran duk ya tafi a banza. Kamar mai tarar ruwan sama ne da ludayi.

Wannan ya sa Simon Cherry da Ramsey Badawi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka yi shekaru suna neman a tsawaita zoben ya zama bututu. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ba su dala miliyan 15.5, wani kamfani na birnin Shanghai ya ƙera na'urar, aka sa mata suna EXPLORER, aka ɗauki hoton mutum na farko a 2018. Tsawonta santimita 194, kuma tana kama haske wajen ninki 40 na tsohuwar. Ke nan ana iya gama hoto cikin ƙasa da minti ɗaya, ko kuwa a rage ƙarfin allurar ƙwarai, abin da ke da amfani ga yara.

Akwai wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye. Ƙarfin fulorin-18 yana raguwa da rabi duk bayan minti 110, kuma ba a samunsa sai da wani inji mai tsada, saikulotiron. Don haka asibitin da ke nesa da injin ba ya morar sinadarin. Amma ku yi lissafi: in ya ragu da rabi sau biyar, watau bayan sa'o'i tara da 'yan mintoci, kashi 1 cikin 32 ne ya rage, kuma na'ura mai ninki 40 tana iya aiki da wannan. Ashe inji ɗaya zai iya ciyar da asibitocin garuruwa da dama.

Sai dai fa duwatsun nan, waɗanda ake yi da ma'adinin lutishiyam, sun haura 500,000 a cikin EXPLORER, su da kayan lantarkin da ke karanta su ne suka cinye mafi yawan kuɗin. Shi ya sa ko a ƙasashe masu arziki sai manyan cibiyoyi ke iya sayenta.

Hanyoyi uku ake bi don rage tsadar. Ta farko, a gajarta bututun: kamfanin Siemens ya fitar da mai santimita 106 a 2020, wadda ke ɗaukar daga kai zuwa cinya, inda muhimman gaɓoɓi suke. Ta biyu, a canza abin kama hasken. Paweł Moskal na Jami'ar Jagiellonian da ke Kraków a ƙasar Folan ya maye gurbin duwatsun da dogayen sandunan roba, ana karanta walƙiyar daga bakin sandar biyu kawai. A 2024 suka buga hoton ƙwaƙwalwar wani majiyyaci da aka ɗauka da na'urarsu. Ta uku, a canza siffa: a Jami'ar Ghent ta Beljiyam, Stefaan Vandenberghe ya tsara bango biyu masu fuskantar juna, majiyyaci ya tsaya a tsakani, ta yadda duwatsun da ake bukata za su ragu, a kuma duba mutane da yawa a rana.

Lalle araha ba ta ado. Roba ba ta kama haske kamar dutse, sai an jera ta ninki-ninki, gajeren bututu kuma ba ya ganin ƙafafu a lokaci guda. Amma abin tambaya shi ne, wane hoto ne ya ishi likita ya yanke shawara? Iyali nawa ne suka sayar da gona suka kai ɗan'uwansu ƙasar waje, sai can aka ce musu sun makara?

Ku ma'aikata da wata rana za a kawo muku takardar sayen irin wannan na'ura, kada ku tsaya ga farashinta. Ku tambayi inda za a samo sinadarin, da wutar da za ta riƙe ta, da wanda zai gyara ta, da majiyyata nawa za ta duba a yini. Ku kuma ɗalibai, ku sani aikin rage tsada shi ma bincike ne, kuma ƙofarsa a buɗe take.