Sunan Wa Ke Ƙarƙashin Kanun Labarin?

Yau maganata da ɗalibai ce masu fitar da jarida a makaranta, ko ta allo da ake liƙawa, ko ta intanet. Batun shi ne ɗan layin nan da ke ƙasan kanun labari: "Daga wane."

Wasu na ganin ƙaramin abu ne. Ni dai ban yarda ba. Layin nan shi ne ladan ɗalibin da ya sha rana yana neman labari, ko sisi ba a ba shi ba. Ranar da zai nemi aiki a gidan jarida, shi zai nuna. Kuma alkawari ne ga mai karatu: in akwai ƙarya a ciki, ga wanda za a tambaya.

To, yaya za a tsara shi? Na farko, wuri ɗaya kullum: ƙasan kanu, saman labari. Harafinsa kada ya kai girman na kanu, amma a kaurara shi don ya bambanta da jikin labarin. Na biyu, suna kawai, sai sashe da aji in ana so. Su Kwamared da Ambasada a bar su a ƙungiya. Na uku, ku gwada salon harafin da kuka zaɓa, ku ga ko yana fitar da ƙ, ɗ da ɓ, kada Ɗanladi ya tarar da ɗan akwati a farkon sunansa. In mutum biyu suka rubuta, wanda ya fi yin aiki ya fara, ba wanda ya fi muƙami ba. Mai ɗaukar hoto ma sunansa ya fito a ƙasan hotonsa.

Ɓoye suna fa? Mujallar The Economist ta Ingila, da ke fitowa tun 1843, galibi ba ta sa sunan marubuci. Amma wannan ƙa'ida ce a kan kowa, ba son rai ba. A wajenmu kuwa, in labarin na cin zarafin ɗalibai mata ne ko sayar da maki, kuma ana tsoron a kayar da marubuci a jarrabawa, sai a sa "Daga wakilinmu." Sharaɗin shi ne edita ya san shi, ya ga hujjojinsa, ya kuma ɗauki nauyin labarin.

Editoci, ku rubuta ƙa'idojin nan a shafi ɗaya, ku bar wa na baya. Mu haɗu a shiri na gaba.