Kuɗin wata daban, Gidauniya daban: jawabi ga ƴan kulob a Tanda

Ƴan uwa ƴan Rotary da Rotaract, sannunku da hanya. Wanda ya taso daga Yamai, ya biyo Doso, ya iso Gaya, kana ya ƙaraso Tanda, ya cancanci ruwan sanyi kafin a tambaye shi kuɗi. To, ruwa dai kun sha.

Da yawa cikinmu in an ce Gidauniya, sai su ce ai mun biya kuɗin wata. Kuɗin wata na tafiyar da kulob ne. Gidauniyar Rotary asusu ne daban, wanda anka fara a 1917 da kyautar dalar Amurka 26 da rabi. Dalar Amurka fa, ba tamu ta kasuwar Gaya ba.

Da asusun nan ne Rotary ta shiga yaƙi da shan inna a 1985. A 1988 cutar tana naƙasa yara kusan 350,000 a shekara, cikin ƙasashe 125. Ranar 25 ga Agusta 2020 anka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Afganistan da Pakistan kaɗai sunka rage. Amma kada wani ya ce aiki ya ƙare, don akwai wani nau'in da har yanzu yake kama yara a Nijar da Najeriya, a duk inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Ku dubi inda muke zaune. Malanbil tana ƙetaren kogi, Kamba ga ta nan kusa. An rufe gada a 2023, amma jiragen ruwa ba su daina kai da kawo ba, mata da goyonsu ba su daina zuwa biki da kasuwa ba. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa duwan ta nuna takarda. Lokacin da anka dakatar da rigakafi a Kano a 2003, sai da cutar ta koma ƙasashen da sunka riga sunka rabu da ita, har Indonesiya. Ɗigo biyu ne a bakin yaro, amma kafin su iso rugar da ke bayan Tanda sai an sayi ƙanƙara, an zuba wa babur mai, an biya mai jirgi, an sallami matan da ke bi gida gida cikin rana. Duk kuɗi ne.

Na san abin da wasu ke faɗi a fada wajen shan shayi: “Mu talakawa ne za mu tura wa Amurka kuɗi?” Tambaya ce mai kyau, ga amsarta. Abin da ka ba asusun shekara, ana juya shi shekara 3, sannan kusan rabi ya dawo hannun gundumarmu, wadda muke ciki da Benin da Togo, mu da kanmu mu zaɓi aikin: rijiya, aji ko kayan likita. Sauran ya shiga asusun duniya, inda ake neman tallafin manyan ayyuka na dala 30,000 zuwa sama. Abin da ka ba asusun shan inna kuwa, gidauniyar Gates tana ɗora ninki biyu a kai. Jikka ɗaya ta zama uku. Wane adashi ne ke yi maka haka?

Ni abin da ke damuna shi ne mun fi son taimakon da ake ɗauka hoto. Buhun shinkafa bayan ambaliya, riga mai tambari, a saka a Facebook. Ban raina shi ba, mai yunwa ya ci. Sai dai kulob ɗin da kullum shi ne mai rubuta takardar neman tallafi, bai taɓa zuba ko sisi ba, da wace fuska zai zauna cikin takwarorinsa na Kwatano da Lome?

Rotary tana roƙon kowane memba dala 100 a shekara, wato wajen jikka 5 a wata. Na san ɗalibi da mai kabu-kabu ba za su iya ba. To, a ba da jikka ɗaya, ko rabinta, amma kowane wata, kuma da sunanka a rubuce. Wasunmu abin da suke zubawa a kiredin waya cikin sati ya fi haka.

Ma'aji tana zaune bakin ƙofa da littafi da rasit. Kowa ya rubuta abin da zai iya da ranar da zai biya. A taron wata mai zuwa za a karanta jimillar a gaban kowa, tare da shaidar turawa. Na rubuta nawa a layin farko.