Kundin digirinka ba na ƙura da gara ba ne

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau da 'yan ajin ƙarshe na jami'a nake, musamman masu karanta Hausa, Turanci, Larabci, Faransanci da kimiyyar harshe. Lokacin furojet ya zo, na san wasunku har sun fara cigiyar wanda zai rubuta musu. Ku ɗan dakata.

Lokacin da nake aji huɗu, na je wata firamare a unguwarmu tattara bayanai. Malama ta ce wa wani yaro ya karanta "pan", ya ce "fan". Ta maimaita, ya maimaita. Sai ta ce masa daƙiƙi, aji ya kwashe da dariya. Wallahi har na bar ajin yaron nan bai sake ɗaga kai ba.

To ni kuma a satin nan aka koya mana dalilin abin. Hausa ba ta raba sautin p da f. Sauti ɗaya ne a wurinmu, furucinsa ne ke sauyawa daga gari zuwa gari, shi ya sa Bakano zai ce "fari", Basakkwace ya ce "hwari". Kunnen yaron bai taɓa buƙatar raba su ba. Haka Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, sai ta saka wasali a tsakani. Daga nan muka samu burodi da sukudireba. Wasulanmu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, na Turanci kuwa sun haura goma. Kun ga ashe kuskuren yaron yana da tsari, kuma abin da yake da tsari ana iya gyara shi.

Masana sun daɗe a kan wannan. A 1967 Pit Corder ya nuna cewa kurakuran mai koyon harshe alama ce ta inda ya kai a koyo. A 1972 Larry Selinker ya bayyana cewa mai koyo yana gina wani harshe na tsaka-tsaki, tsakanin nasa da wanda yake nema. Duk ɗalibin wannan fanni ya haddace sunayen nan don jarrabawa. Amma malamar can ba wanda ya taɓa gaya mata. Laifinta ne? Ni dai na fi ganin namu, mu da muka sani muka rufe a kundi.

Kada wani ya ce binciken jami'a ba ya canza komai. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani gwaji: a koyar da yara duk darussa da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci ya zama darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Yau duk wanda zai yi muhawarar koyarwa da harshen uwa a Najeriya sai ya ambaci aikin nan. To mu ina namu? In aka tashi yanke hukunci kan harshen da za a koyar da ƙannenmu a Kano ko Gusau, da wace hujja za mu zauna a teburin? Da kundin da aka kwafo, aka canza sunan ƙaramar hukuma kawai?

Ga shawarata.

Na farko, ka rage girman take. "Matsalolin koyon Turanci a Arewa" ya fi ƙarfin wata uku. Ka ɗauki aji ɗaya, matsala ɗaya. Misali, yadda 'yan aji huɗu ke furta p da f, kafin da bayan sati huɗu ana yi musu atisayen kalmomi masu kama da juna.

Na biyu, ka fita ka saurari mutane. Wayar da ke hannunka ta isa ɗaukar murya. Amma ka nemi izinin shugaban makaranta da iyaye, kuma kada sunan yaro ya shiga kundinka.

Na uku, ku tuna ba Turanci ne kaɗai harshe na biyu ba. Miliyoyin mutane Hausa ce harshensu na biyu. Ki shiga Sabon Garin Kano ki ji yadda ɗan kasuwa Inyamuri ya koyi Hausa ba aji ba allo, da inda "ka" da "ki" ke rikice masa. Ka je Jos ka ji yadda bambancin namiji da mace ke ɓacewa a Hausar wasu. Ga 'yan Islamiyya da Larabci, ga 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Faransanci. Duk wannan bincike ne a bakin ƙofa.

Na huɗu, in sakamako ya saɓa wa abin da ka zata, ka rubuta shi haka. Ƙirƙirar amsoshin takardar tambayoyi a ɗakin hostel cin amana ne, ko da an ba ka A.

Na biyar, wanda ya fi damuna: in ka gama, ka taƙaita abin da ka gano a shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, ka kai wa malaman makarantar da ta buɗe maka ƙofa. Ni ban yi ba. Na kare kundina, na ɗau hoto da rigar yaye ɗalibai, na wuce hidimar ƙasa. Har yau in na tuna yaron nan sai in ji nauyi.

Wanda ke rubuta nasa yanzu, ya faɗa mana takensa a ƙasa, mu taya shi tunani. Wanda ya gama kuma, ya kakkaɓe kundin ya gaya mana abu ɗaya da ya gano. Za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.