Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Malami da Kayan Aikin Google

(Jawabin da aka gabatar a taron reshen ƙungiyarmu a Ƙofa)



Abin da ya tara mu a yau yana cikin aljihun mafi yawanmu. Duk mai wayar Android yana ɗauke da kayan aikin kamfanin Google, ko ya sani ko bai sani ba. Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin a Amurka a 1998 domin neman bayani a intanet, amma tuni ya wuce nan. Ya fito da akwatin wasiƙa na Gmail a 2004, da taswirar Google Maps a 2005, da mafassarar Google Translate a 2006, shekarar da kuma ya sayi YouTube. Rumbun ajiya na Drive ya zo a 2012, sai Classroom a 2014. Abin da muke son mu tabbatar ɗaya ne: kayan nan suna da amfani ƙwarai, amma na aro ne, kuma a matsayin na aro ya kamata mu riƙe su.

Bari mu fara da amfanin. Malamin da ke koyar da labarin ƙasa yana iya buɗe Google Earth ya nuna wa yara madatsar ruwa ta Tiga daga sama, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, su ga inda aka tare Kogin Kano. Daga nan ya gangara kudu zuwa dajin Falgore da duwatsun Riruwai, ya dawo ta Kwanar Ɗangora. Yaron da ya ga garinsu a taswira ya fi saurin gane taswirar Nijeriya. Malamin lissafi yana iya zuba makin ɗalibai a jadawalin Sheets, jimla ta fito ba tare da ya kwana yana ƙirga ba. Sakataren reshe yana iya tara sunayen waɗanda ƙarin girmansu ya makale ta hanyar Forms, maimakon yawon makaranta zuwa makaranta a kan babur.

Harshenmu ma ya sami gurbi. An shigar da Hausa cikin Google Translate a ƙarshen 2013, kuma a 2024 aka ƙara damar yin magana da Hausa waya ta rubuta. Allon rubutu na Gboard yana da ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka babu sauran uzuri ga malamin da zai rubuta "baki" alhali "baƙi" yake nufi. Sai dai na'ura ba ta san karin magana ba, ba ta kuma san yaran ajinmu ba. Fassararta gwaji ne na farko, gyaran yana wuyan malami.

Ga kuma halin zamani. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, mu ma jarrabawar ƙwarewa ta hukumar TRCN da kwamfuta ake yin ta. Idan muka guje wa waɗannan kaya, yaran karkara ne za su biya bashin, ranar da suka zauna gaban na'ura tare da 'ya'yan birni.

To, mene ne ya sa muka ce aro ne? Dalili na farko, mai kaya yana karɓe kayansa ranar da ya ga dama. A watan Yulin 2018 kamfanin ya ƙaddamar da Google Station a Legas, wato intanet kyauta a wuraren taruwar jama'a, da niyyar kai shi wurare 200 a birane biyar. A farkon 2020 ya sanar da rufe shirin. Dandalin Google+ ya mutu a 2019. Allon Jamboard, wanda malamai da yawa a duniya suka dogara da shi lokacin annobar korona, an rufe shi a ƙarshen 2024. Tun watan Disambar 2023 kuma, kamfanin yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Wanda ya ajiye takardar ɗaukarsa aiki a can kaɗai, ya manta da ita har ranar tantancewa ko ranar neman fansho, ya jingina da inuwar giginya.

Dalili na biyu, kyautar tana da iyaka. Gigabait 15 ake ba kowane asusu, kuma wasiƙu da hotuna da takardu duk daga ciki suke ci. Idan ya cika, sai biya. Mafi yawan kuɗin shigar kamfanin daga talla yake zuwa, talla kuwa tana tafiya ne da sanin abin da mutum yake nema da inda yake. Sannan ko manhaja kyauta ce, data ba kyauta ba ce. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wannan ƙarin daga albashin malami yake fita, haɗe da kuɗin cajin waya a garin da wuta ba ta zama.

Dalili na uku shi ne amana. Sunan yaro da hotonsa da sakamakonsa ba namu ba ne, ajiya aka ba mu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi neman yardar iyaye ko waliyyi inda ake buƙatar izini kan bayanan yaro. Tun kafin doka ma, tarbiyyarmu ta hana mu yaɗa hoton 'yar mutane ba da sanin gidansu ba.

Saboda haka muna ba kanmu shawarwari huɗu. Na ɗaya, kowa ya mallaki makullin asusunsa. Da yawanmu a shagon waya aka buɗe mana Gmail, kalmar sirrin tana hannun yaron shago. Mu canza ta a wannan mako, mu ɗaura asusun a kan layin da muke amfani da shi kullum. Na biyu, duk takarda mai muhimmanci, ta ɗaukar aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma, ta zauna a wuri uku: ta asali a akwati, kwafi a Drive, wani kwafin a katin ajiya. Na uku, rajistar makaranta ta takarda ita ce uwa, ta intanet 'yar rakiya ce, kuma kada a buɗe takardar da ke ɗauke da bayanan yara ga duk wanda ya sami mahaɗinta. Na huɗu, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu da 'yan'uwanmu mata da hidimar gida ke hana su zuwa bita.

Ga hukuma kuma muna da magana. Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilmi a watan Yunin 2024, muna kuma maraba da hakan. Roƙonmu shi ne, duk ranar da aka umarci malami ya aika rahoto ta intanet, a haɗa umarnin da data da wutar sola da horo, kuma horon ya iso Doguwa kamar yadda yake isa cikin birni. Ba a aiken mutum kasuwa a ce ya ciro kuɗin cefane daga aljihunsa.

'Yan'uwa, mu karɓi aron, mu yi aiki da shi, amma littafinmu da alƙalaminmu su zauna a hannunmu. Allah Ya sa albarka a aikinmu, Ya shirya mana yaran da aka damƙa mana, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.