Iyaka Ba Ƙofar Gidan Mutum Ɗaya Ba Ce



Mu da muke riƙe da littafin ƙungiya mun ga abin da umarnin mutum ɗaya ke jawowa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, wai don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Majalisa ba ta yi doka a kai ba, ba a kuma ba mu ko mako guda mu kwashe kayan da ke hanya ba. Sai Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. A 2023, bayan juyin mulkin Yamai, aka sake garƙamewa.

Wa ya ji a jikinsa? Mai takardu, wanda ke biyan kwastam da duwan. Albasarsa ta ruɓe a mota, bashi ya hau kansa. Ɗan sumoga kuwa ya bi daji da babur, kaya suka yi tsada, ribarsa ta ƙaru.

Ba mu ƙi haraji ba, muna biya. Amma fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar kanta, ba alfarma ba ce da gwamnati za ta janye ran da ta ga dama. Muna neman duk wata rufewa ta bi ta majalisa, a faɗi dalili, a sanar da wuri, a sa wa'adi. Duk wanda ke da rasit na asarar da ya yi, ya kawo ofis mu haɗa da takardar kokenmu.