Kalmar "Triumph": Daga Titunan Rum Zuwa Bakin Binuwai

 

Mu mutanen Kamaru da harsunan Turawa biyu muke karatu, kuma kalmar da zan yi magana a kanta tana cikin duka biyun: Ingilishi na cewa triumph, Faransanci kuma triomphe. Ɗalibanmu kan fassara ta da "gagarumar nasara", kuma daidai ne. Sai dai tana ɗauke da kayan da fassarar ba ta sauke ba.

Ta shiga Ingilishi ne a ƙarshen ƙarni na 14, ta hanyar tsohon Faransanci, daga Latin triumphus. Masana da dama na ganin Rumawa ma aro suka yi daga Girkanci, daga sunan wata waƙar bauta. A Rum, biki ake kira da wannan suna. Idan sarkin yaƙi ya ci abokan gaba, sai ya tsaya a bayan gari ya jira izinin majalisar dattawa. In an ba shi, ya shiga birni a keken da dawaki huɗu ke ja, ganima da fursunoni a gabansa, dakarunsa a baya, har haikalin Jupiter. Ba kowane mai cin yaƙi ake yi wa ba, kuma bikin ba ya cika sai an nuna wa jama'a wanda aka kayar. A shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Jugurtha sarkin Numidiya, ƙasar da ke yankin Aljeriya ta yau, aka ja a ɗaure a bikin sarkin yaƙi Marius, daga nan ya mutu a kurkuku. Wannan tunanin ne Napoleon ya farfaɗo da shi a 1806, da ya sa a gina babbar ƙofar nasara ta birnin Paris, wadda ba a kammala ba sai 1836.

Tamu kalmar kuwa, nasara, daga Larabci muka samo ta, kuma tushenta taimako ne. Shi ya sa Bahaushe ke cewa "Allah ya ba da nasara", wato ba shi aka yi. Inda ake nufin fin ƙarfi, galaba ko rinjaye muke cewa.

Garwa da ke bakin Binuwai ta ga wannan bambanci da idonta. Jamusawa sun kama garin a 1901, suka fatattaki rundunar Lamiɗo Zubairu a kusa da Marwa a Janairun 1902. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, Turawan Ingila suka taso daga Yola a watan Agustan 1914, aka kora su da mummunar asara. Suka dawo tare da Faransawa da manyan bindigogi, Jamusawa suka miƙa wuya ranar 10 ga Yunin 1915. A dutsen Mora kuwa, Kyaftin von Raben na Jamusawa bai sauko ba sai Fabrairun 1916. Ga wanda ya rubuta tarihin a Landan ko Paris, wannan triumph ne. Amma akasarin sojojin da suka yi artabu a ɓangarorin biyu 'yan Afirka ne, da Hausawa a cikinsu, kuma mutanen Garwa hannun Bature suka bari suka faɗa hannun wani Baturen. Ni dai ba zan yarda ɗalibi ya rubuta "nasara" a nan ba sai ya faɗi ta wa.

A yau kalmar ta yi laushi. Ana faɗarta ga wanda ya ci jarrabawa mai wuya ko ya tashi daga doguwar jinya. Gwamnatin Abubakar Rimi ta sa wa jaridarta ta Kano wannan suna a 1980, kamfaninta kuma ya riƙa buga jaridun Albishir da Alfijir. A fagen ƙwallo aka fi jin ta. Ƙwallon da Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport ta nan Garwa, ya zura wa Masar a Libreville a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017, aka tashi 2 da 1, ita ce nasarar. Dandazon da ya cika titunan Yawunde yana tarbar 'yan wasa da kofin a hannunsu, shi Barumen dā zai kira triumphus.